Mai Keken da Ba Ya Gaisuwa

Matata ta rasu a farkon damina, ana saura kaɗan in ajiye aikin koyarwa. Tun daga ranar da muka dawo daga maƙabarta ban sake samun zama ni kaɗai ba.

Ba ƙorafi nake yi ba. Ko kuma dai in faɗi gaskiya, ƙorafi nake yi, amma cikin ladabi. Mutanenmu ba sa barin wanda aka yi wa rasuwa shi ɗaya, kuma a Samaru mutanenmu suna da yawa. Da safe 'yan zumuntar mata na cocinmu su iso da kuloli da waƙoƙi. Kafin su tashi, abokan aikina malamai sun cika falo. Da la'asar maƙwabtana Musulmi su jera benci a ƙofar gida, in fito in zauna a tsakiyarsu kamar ango. Hatta ɗaliban jami'a da ke haya a ɗakunan baya, waɗanda a da sai famfo ya lalace suke tunawa da ni, suka koyi leƙowa suna cewa, "Daddy, sorry sir, sai haƙuri."

Yayata kuwa ta taso daga ƙauye ta ce mako ɗaya za ta yi. Ta kwance kayanta a ɗakin baƙi, ta karɓe kicin, ta karɓe makullai, ta karɓe ni. In na daɗe a banɗaki sai in ji ƙwanƙwasa. "Kana lafiya kuwa?" In na yi shiru a kujera ta ce tunani nake yi, sai ta aika a kira fasto.

Kowa da kalmar da yake kawo mini, kuma duk iri ɗaya ce. Sai haƙuri. Ya ƙarin haƙuri? Ni kuma in ce da godiya, in ce da godiya, har bakina ya riƙa faɗa ba tare da ya shawarce ni ba. Alhali abin da nake so ba wani babban abu ba ne. Wuri nake nema inda zan yi kuka da ƙarfi, irin kukan da ba ya yi wa dattijo kyau, ba tare da wani ya buɗe mini aya ba. Kuma ina so in yi magana da ita. Fiye da rabin rayuwata, duk yamma in na dawo daga makaranta sai na zauna na ba ta labarin yinin, tana gyaran alayyafo tana tare ni a duk inda na ƙara gishiri. Bakin da ya saba da haka bai san an yi rasuwa ba. Labarai suka taru mini a ƙirji har numfashi ya fara yi mini wuya.

Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in riƙa motsa jiki. Na gwada tafiya a ƙasa. Daga ƙofar gidana zuwa bakin titi an ba ni haƙurin da zai ishi unguwa guda. Na gwada fita da mota in je bayan gari, kafin in tayar da ita yayata ta riga ta zauna a gaba da jakarta a cinya. A nan ne tunanin keke ya zo mini, kuma ba don hawan jinin ba. Keke sirdi ɗaya gare shi.

Na shiga Sabon Gari wajen masu kekunan gwanjo, na samu wani Ibo haifaffen nan, wanda Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Ya ji bayanina, ya ratsa da ni ta tsakanin kekunan yara da na 'yan makaranta, ya sauko da wani daga jikin ƙusa da hannu ɗaya. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyinsa ba su fi kaurin yatsa ba.

Na zagaya shi na ce, "Ina kariyar?"

"Babu kariya, Malam."

"To ina ake ɗaura kaya?"

"Wannan ba ya ɗaukar kaya. Ba ya goyo. Daga kai sai shi."

Bai san ya riga ya gama cinikin ba, sai ya ci gaba da talla. Ya zaro waya ya nuna mini hotunan Turawa a kan irin keken, a wata hanya da ta nannaɗe duwatsu, kogi yana can ƙasa da nisa. Na ce ya matso da hoton. Na duba gaban masu keken, na duba bayansu.

"Babu kowa a hanyar?"

"Ko akuya, Malam."

Ya haɗa mini da hular kwano mai ramuka, da baƙin tabarau saboda ƙwari, da wani abin maƙala waya a kan keken. Ya kuma ɗauko wani gajeren wando mai kama jiki ya ce da shi ake hawa. Na ɗaga shi na duba gaba da baya, na ce masa ni dattijon coci ne. Da tsohon wandon wasannin makaranta na yi duk hawana.

A Samaru labari ya bazu cewa na sayar da mota, alhali ga ta nan a ƙofar gida kowa yana gani. Wasu suka ce rashin ne ya taɓa mini kai. Masu Keke Napep da suka san ni suka riƙa rage gudu suna cewa, "Baba, sa shi a baya mu kai ka mana." Yayata ta dafa ƙugu ta ce ubanmu ya yi shekaru yana taka keke yana yawon bishara a ƙauyuka don 'ya'yansa su hau mota, yau ga ɗansa ya mayar da mu inda aka fito. Na ce likita ne ya ce. Shi kaɗai take shakka, sai ta yi ƙwafa ta koma kicin.

Keken ma bai karɓe ni da sauƙi ba. Sirdinsa ba a yi shi don mai jiki irina ba, kwanakin farko a karkace nake zama a aji. Giyarsa kuma duk lokacin da na nemi mai sauƙi sai in danno mai nauyi. Amma wannan duk wasa ne a kan neman hanya. Babban titin da ya nufi Funtuwa na tireloli ne, in ɗaya ta wuce ka iskarta kaɗai ta isa ta ajiye ka a gonar wani. Cikin jami'a akwai kwalta mai kyau da inuwa, sai dai rabin masu tafiya a kai na taɓa yi musu bulala a aji ɗaya. Wajen Bomo kuwa iyayen ɗalibaina ne. Kuma mai keke a wurinmu ba kamar mai mota ba ne da zai danna hon ya wuce. In ka ga na gaba da kai, ko wanda ka sani, sai ka ja birki, ka sauke ƙafa, wani lokaci ka sauka gaba ɗaya ka riƙe keken kamar akuyar sayarwa. A tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, sannan a sunkuyar da kai a zo kan maganar. Akwai Asabar da na dawo gida ko gumi ban yi ba.

Sai da na wuce Shika da nisa, na bar babban titi, na bi wata 'yar kwalta da ruwa ya cinye gefunanta, sannan na samu abin da nake nema. Hanyar ba ta san miƙewa ba. Ta hau tudu, ta gangara, ta kewaye wani dutse da awaki suka mayar nasu, ta ratsa gonakin masara da dawa da waken suya. In ana hawa ba ka jin komai sai numfashinka da ƙarar sarƙa. In aka juya gangara kuwa iska ta cika maka riga, ka daina taka feda, keken ya yi ta tafiya da kansa yana wani siririn sauti. Mota sai jefi-jefi, yawanci a-kori-kura ce da buhuna. Manoma suna can tsakiyar gona a duƙe, nisan da ba gaisuwar da za ta kai. Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa, na san tuddanmu in aka ajiye su kusa da na cikin wayar Ibon nan kunya za su ji. Amma gwiwoyina ba su ga hoton ba, su dai sun san sun hau dutse.

A ƙarshen hanyar akwai rafi. Ruwa ya daɗe yana cin ƙasar wurin har ya yanka kwazazzabo mai zurfi, bangonsa ja, saiwoyin itatuwa suna reto a jiki. Da damina ruwan yana ruri a can ƙasa, launinsa kamar kunun kanwa. A sama, gefen hanya, akwai wani falalen dutse a ƙarƙashin bishiyar kanya. Ranar da na fara zama a kansa na cire hular kwano, na duba gabas da yamma, babu mai rai. Na buɗe baki in ce mata ga ni na zo, sai kukan ya riga maganar fitowa. Rurin ruwan ne ya rufa mini asiri.

Daga nan duk Asabar ina can. In na huce sai in fara ba ta labari: wace ce a 'yan zumunta ta zo gaisuwa da sabon leshi, yadda yayata ke zuba gishiri a miya kamar ba da kuɗi ake saye ba, abin da sabon shugaban makaranta ya faɗa a taro. Ni mai magana da hannu ne, aikin allo ya saba mini. Ina yi ina nuni, in miƙe in kwaikwayi tafiyar wani, in koma in zauna. In dawo gida da yunwa in ci tuwo har in nemi ƙari, yayata ta ce addu'ar fasto ce ta fara aiki. A duk mako waɗannan 'yan sa'o'in ne kaɗai nawa, kuma da za a raba ni da su ban san yadda zan yi da sauran kwanakin ba.

Mutum ɗaya na taɓa nuna wa wurin, shi ma a hoto. Masu faci na Samaru ba su da irin tif ɗin keken, dole sai na koma Sabon Gari. Ibon ya tambaye ni ko na samu hanya irin ta Turawan, na miƙa masa waya ina alfahari. Ya daɗe yana kallo, ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ce, "Malam, ai wannan zaizayar ƙasa ce." Na karɓe wayata na biya shi na fita.

Ƙauye ɗaya ne a hanyar, kuma an kafa shi a mummunan wuri ga mai keke, daidai gindin tudu na ƙarshe wanda ya fi kowanne tsayi. In ka taho da gudun gangara ka ratsa ƙauyen, gudun zai kai ka rabin tudun. In ka tsaya, sai dai ka tura. A bakin hanyar kuma akwai durumi da wani gungume da tsofaffi ke zama a kai. Na san ƙa'ida sarai. Amma na kuma san inda gaisuwa take kaiwa: daga ina, ɗan gidan wa, ya iyali. Ya iyalin nan nake gudu. Don haka sai in sunkuya a kan ƙahon, hannun dama yana wajen canja giya, in ɗaga musu na hagu in wuce fuu.

Shekarun nan kowa ya san halin da ƙauyuka ke ciki da masu satar mutane. Ni ma na sani, na kuma yi nawa lissafin: wa zai wahalar da kansa ya saci malamin makaranta a kan keke? Duk tunanina yana kan waɗanda zan ji tsoro. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa akwai masu jin tsorona.

Wata Asabar da kaka, an fara yankan dawa, ruwan rafin ya ja baya ya daina ruri. Ina tsaye a kan dutsen ina kwatanta mata rigimar da aka yi a taron dattawan coci kan inda za a gina sabon banɗaki, ina nuna nan ina nuna can, sai na ji an ce a bayana, "Kada ka motsa."

Na motsa mana. Na juya na ga 'yan sa-kai da jajayen riguna, layu a damatsa, wasu da bindigar adaka, sauran da gora. Babbansu, wani gajere mai faɗin ƙirji, ya cire wayata daga kan keken ya sa a aljihu. Wani ya kama keken da hannu biyu ya yunƙura zai ɗaga, keken ya tashi sama kamar faifai har mutumin ya kusa faɗuwa da baya. Ya dubi 'yan uwansa ya ce, "Kun gani ko? Keken tsere ne."

Suka sa ni a gaba muka gangara ƙauyen da ƙafa. Kafin mu isa ƙofar mai unguwa gari ya taru. Aka zaunar da ni a ƙasa, aka jingine keken a bango, aka ɗora hular kwano a kan turmi. Na ji wata kalma tana yawo a cikin taron, infoma, infoma, wato mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Na san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan suna, kuma ba a cika jiran 'yan sanda ba. Wata mata tana can baya tana ɗaga murya, tana cewa mijinta yana hannun mutanen daji tun bazara, irin waɗannan ne suka nuna shi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Mai unguwa dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Ya ce, "Bawan Allah, daga ina?"

"Ranka ya daɗe, daga Samaru. Malamin makaranta ne ni."

"Wurin wa kake zuwa a nan?"

"Ba wurin kowa."

"To ina kake wucewa?"

"Ba inda nake wucewa. In na kai rafi sai in juya."

Taron ya ɗauki guna-guni. Babban 'yan sa-kai ya ce, "Ranka ya daɗe, tun damina muke lura da shi. Ba ya kawo komai, ba ya komawa da komai. Ko kara bai taɓa ɗaurawa ba. Wane mai hankali ne zai taso daga Samaru da keke fanko, ya koma fanko?"

Na ce likita ne ya ce in riƙa motsa jiki.

Nan aka yi dariya, amma ba irin wadda ke sassauta zance ba. Wani manomi ya ce in motsa jiki nake nema ga dawarsa can tana jiran yanka, ba sai na sayi hula ba. Ɗaya daga tsofaffin gungumen nan ya dogara sanda ya miƙe, ya ce shi duk wannan bai dame shi ba. "Mutum da furfurarsa ya wuce mu kamar an harbo shi, ba sallama, ba sannu, ya ɗaga mana hagu! Mutumin nan ba ya so mu ji muryarsa. Akwai abin da yake ɓoyewa."

Ban iya musa masa ba, don gaskiya ya faɗa.

Aka duba wayar, ba a ga na kira kowa a ranar ba. Na ɗauka hakan zai wanke ni, ashe ƙara ɓata ni ya yi. Tunda an gan ni ina magana, kuma ba da wannan wayar ba, to akwai wata. Aka ɗauko hular kwano ana leƙa ramukanta ɗaya bayan ɗaya, wani har da zura tsinke.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Malam, mata masu wanki sun ji ka. Makiyaya sun gan ka kana nuna garin nan, kana nuna gonaki. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah. Da wa kake magana?"

Abin mamaki, a wannan halin ma sai da na yi jinkiri. Ga bindiga, ga gora, amma abin da ya tsaya mini a rai dutsen nan ne. Na san in na faɗa, na rasa shi ke nan. Na lalubi wata ƙarya da za ta fitar da ni ta kuma bar mini wurina, ban samu ba.

Na ce, "Da matata."

"Tana ina?"

"Ta rasu. Farkon daminar nan."

Mai unguwa ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi wayar ya ce wa zai kira ya tabbatar. Ba sai na zaɓa ba, don lambar yayata ce ta cika wayar, tun safe take nemana. Aka buɗe muryar kowa yana ji. Ta tabbatar da komai har da abin da ba a tambaye ta ba, ta faɗi ciwon, ta faɗi jinyar, sannan ta fashe da kuka ta ce, "Na faɗa! Na ce kada a bar shi shi kaɗai, ba wanda ya ji ni!"

Mai unguwa ya ce, "Gaskiyarki, baiwar Allah. Ki kwantar da hankalinki. In dai a nan ne, ba za mu bar shi ba."

Ya kashe wayar ya juyo gare ni, kuma sai a lokacin na ga ransa ya ɓaci da gaske. "Haba Malam! A yi maka rashi irin wannan, ka yi wata da watanni kana wuce ƙofarmu, ba ka tsaya ka faɗa mana mu yi maka gaisuwa ba? Mu ba mutane ba ne?"

Aka tashe ni daga ƙasa aka shimfiɗa mini tabarma. Wanda ya fara zuwa babban 'yan sa-kai ne, ya jingine bindigarsa ya durƙusa ya ce, "Sai haƙuri, Malam." Bayansa tsohon da na ɗaga wa hagu. Bayansa gari gaba ɗaya, maza suka gama mata suka fara. Na taka keke na haye tuddai don in tsere wa kalma ɗaya, ga shi a yini guda an ba ni ita fiye da duk wadda na sha a Samaru. Ina ta cewa da godiya, da godiya. Matar da mijinta ke daji kaɗai ce ba ta ce komai ba. Ta kawo fura a ƙwarya ta ajiye a gabana ta juya, na kasa ɗaga ido in dube ta. Da zan tafi suka ce ba a sallamar baƙo hannu rabbana, da suka rasa inda za su ɗaura, sai suka goya mini ƙullin gyaɗa a baya da zani. Haka na shiga Samaru da rana tsaka.

Duk makon ina saƙa da warwara. Yayata ta ɓoye famfon keken a buhun masara, na nemo abina. Na ce wa kaina mutanen ƙauye suna tsakiyar aikin kaka, wa zai bar dawarsa don wani malami mai surutu shi kaɗai? Ranar Asabar na fita. Na ja birki a gindin durumin, na sauka, na gaida tsofaffi ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, na amsa ya ƙarin haƙuri. Sannan na tura keken har saman tudun ina haki.

Tun daga nesa na hango tabarma a kan dutsena. Wani tsoho yana zaune a kai, ya miƙe ƙafa, ya maƙale rama a babban yatsa yana tufka igiya. Ga buta, ga goro a 'yar leda, alamar ba yanzu zai tashi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji kamar an shiga ɗakin matata an zauna a bakin gadonta.

Na yi sallama na gaishe shi. Ya ce shi wan mai unguwa ne, ƙafa ta hana shi zuwa gona, shi ya sa aka ce ya riƙa taya ni zama. Na zauna a can ƙarshen tabarmar na jira kalmar. Bai faɗe ta ba, ya ci gaba da tufkarsa. Ruwa yana tafiya a ƙasa a hankali, inuwar kanyar ta matsa daga ƙafafunmu. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yi maganarka, Malam. Ni kunnena ya mutu, ba abin da nake ji."

Na gwada. Na buɗe baki, na rufe. Abin ba ya yiwuwa a gaban mutum, ko da kurma ne. Na yanke a raina cewa wannan ne zuwana na ƙarshe, in sha ruwa in tashi, keken kuma ya zauna a ɗakin ajiya har ya yi tsatsa.

Ina ɗaure igiyar hula a haɓa sai ya ce, "Taka tana da faɗa?"

Na ce, "Na'am?"

"Matar taka. Akwai faɗa? Ni tawa akwai faɗa. Ta daɗe da rasuwa, amma har yau in na shiga ɗaki da takalmi sai na ji muryarta. A gona nake ba ta amsa. Sai dai ni da fartanya a hannu nake yi, mutane su ɗauka waƙa ce."

Na tsaya da hular a kai. Tun da aka binne ta ba wanda ya tambaye ni wace irin mace ce. A coci an ce mai tawali'u ce, a gida an ce ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ni kuma ina ta gyaɗa kai, har na fara jin kamar wata baƙuwa muka binne. Matata kuwa in ta fara faɗa, kajin maƙwabta ma sai sun nemi mafaka.

Na ce, "Baba, ai ba ka ga faɗa ba."

Dariya ta kuɓuce mini, ta haɗe da hawaye, ban damu da in raba su ba. Na cire hular na koma na zauna. Na fara ba shi labarin ranar da na sayo mata atamfa da kaina ba tare da na tambaye ta ba, ruwan ɗorawa mai zanen manyan kifaye, na shigo da ita ina taƙama, na shimfiɗa a kan gado na kira ta, ta taho da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

A nan na tsaya ina share ido.

Tsohon da kunnensa ya mutu ya ajiye igiyar, ya matso kusa da ni.

"To," ya ce, "sai ta ce maka me?"